An gayyace ni shagon giyar inabi a Liyon, ni kuwa ba na sha: me ake yi a ciki, yaya zan yi?

Wani ƙanenmu da ke karatun digiri na biyu a fannin tattalin arzikin noma a birnin Liyon na Faransa ne ya aiko da tambaya. Malamin da ke duba aikinsa ya gayyaci ɗalibansa gaba ɗaya zuwa wani ɗan shago a unguwarsu, inda ake sayar da giyar inabi ta ƙananan manoma, ana kuma zama a sha a ci ɗan abin taɓawa. Shi Musulmi ne, bai taɓa sha ba, ba shi da niyya kuma. Yana son sanin wane irin wuri ne wannan, me ya sa abokan karatunsa ke ta zumuɗi da maganar ƙananan manoma, sannan yaya zai yi kada ya ɓata wa malaminsa rai, kada kuma ya taka abin da addininsa ya hana.

Ƙanena, Allah ya ba da sa'ar karatu. Ni a Montpellier, a kudancin Faransa, na karanci cututtukan kurangar inabi, kuma aikina na inabin ci ne, ba na matsewa ba. Amma a Faransa babu yadda za ka karanci inabi ba ka taka gonakin masu giya ba, don haka na san manoman, na san shagunan da ke sayen kayansu. Ni ma ba na sha. Zan gaya maka abin da ke ciki dalla-dalla, sai ka yanke shawara da idonka a buɗe.

Irin wannan shago Faransawa suna ce masa cave, mai shi kuma caviste. In ana ba da abinci a ciki sai su ce cave à manger. Yawanci ɗan ɗaki ne mai tsawo marar faɗi, bango duk kantoci cike da kwalabe, an rubuta farashin kowace a jikinta da farin alƙalami. Akwai baƙin allo da aka rubuta da alli abin da aka buɗe a ranar, sai teburi kaɗan da kujeru masu dogayen ƙafafu. Farashi biyu ne: in ka sayi kwalba ka tafi da ita gida kuɗinta daban, in za ka zauna a buɗe maka a nan sai a ƙara kuɗin buɗewa. Kwalba ɗaya santilita 75 ce, tana ba da kofi shida. Wannan salon na haɗa kanti da wurin zama ya yi ƙarfi a Faris tun wajen shekarar 2000, lokacin da aka buɗe Le Verre Volé kusa da mashigin ruwan Saint-Martin, daga nan ya bazu. A Liyon za ka same su a unguwanni kamar Croix-Rousse da Guillotière.

Ba gidan rawa ba ne, babu kiɗa mai tashin kai. Daga ƙarfe shida ko bakwai na yamma mutane ke shigowa bayan tashi daga aiki, wata tsohuwa ta leƙo ta sayi kwalba ɗaya ta wuce, wasu su zauna su yi ta hira har sha ɗaya na dare. Mai shagon zai zo teburinku ya tambayi kowa irin abin da yake so, ya zuba ɗan kaɗan a ɗanɗana, sannan ya shiga labari: wane ne ya noma, a wane tudu, shekarar ta yi ruwa ko ta yi fari. Wannan labarin shi ne rabin abin da ake saya. Duk da haka kada natsuwar wurin ta sa ka manta cewa barasa ake sha, kashi 11 zuwa 14 cikin ɗari a kowace kwalba, kuma in dare ya yi nisa za ka ga wanda harshensa ya fara nauyi.

To, me ya sa ake kambama ƙaramin manomi haka? Sai mun ɗan koma baya, kuma tunda fanninka ne, ka saurara da kyau.

A 1863 wani ɗan mitsitsin ƙwaro da ya zo daga Amurka, phylloxera, ya bayyana a kudancin Faransa. Yana cin saiwar kuranga a ƙarƙashin ƙasa, manomi sai dai ya ga gonarsa tana bushewa bai san dalili ba. Wani masanin tsirrai na Montpellier, Jules-Émile Planchon, shi da abokan aikinsa ne suka gano ƙwaron a 1868. Kafin a shawo kansa ya cinye yawancin gonakin ƙasar. Maganin da aka samu shi ne a aurar da reshen inabin Turai a kan saiwar inabin Amurka wadda ƙwaron ba ya kashewa, irin yadda muke aurar da mangwaro, kuma har yau kusan kowace kuranga a Faransa haka take. A shekarun da giya ta yi ƙaranci, 'yan algus suka cika kasuwa da abin da suka haɗa da busasshen inabi da sukari da ruwa da launi. Da gonaki suka farfaɗo, ga kuma giyar Aljeriya tana kwararowa daga mulkin mallaka, sai farashi ya faɗi warwas. A 1907 manoman yankin Languedoc na kudancin ƙasar suka yi bore ƙarƙashin Marcelin Albert, a Montpellier kaɗai sama da mutum dubu 500 suka fito kan titi a rana guda, gwamnati ta turo sojoji, an kashe mutane a Narbonne. A shekarar aka yi dokar hana tsarma giya da ruwa da cika mata sukari. Daga baya, a 1935, aka kafa tsarin nan na kare sunan asalin wuri da ake kira AOC, wanda ya ce ba za ka rubuta sunan wani yanki a kwalba ba sai inabin daga can ya fito, kuma an bi ƙa'idar noman wurin. Saboda haka in ka ji Bafaranshe yana tambayar “daga ina, wa ya yi”, tsohon tabo ne yake sosawa.

Bayan yaƙin duniya na biyu noma ya koma na inji da takin zamani da maganin ciyawa. Amfani ya yawaita, amma ƙasa ta gaji, kuma a ɗakin tsimi aka saba da gyare-gyare: yisti na kamfani, ƙarin sukari, ƙarin tsami, tacewa sosai, da farar wuta mai yawa don kada giya ta lalace a hanya. Yankin Beaujolais, wanda ke arewa da Liyon, tafiyar ƙasa da sa'a guda, ya zama babban misali. Mutanen Liyon suna cewa koguna uku ne ke shayar da garinsu: Rhône, Saône da Beaujolais. A shekarun 1970 da 1980 duniya ta rikice da sabuwar giyar yankin da ake fitarwa a watan Nuwamba, wadda tun 1985 aka tsayar mata da Alhamis ta uku ta watan. Kuɗi ya shigo, aka yi ta malalowa, inganci ya zube, da yayin ya wuce kuma aka bar manoma da gangunan da babu mai saye.

A cikin wannan yankin ne aka sami Jules Chauvet, ɗan kasuwar giya kuma masanin haɗa sinadarai daga La Chapelle-de-Guinchay, wanda ya rasu a 1989. Shi da ilimin ɗakin gwaji ya nuna cewa in inabi lafiyayye ne, an tsinke shi da hannu, an kula da tsabta, yistin da ke jikin fatarsa ya isa ya tsima shi, farar wuta kuma kaɗan ta wadatar ko ma a bar ta. Wani matashin manomi na Villié-Morgon, Marcel Lapierre, ya haɗu da shi a 1981 ya ɗauki hanyarsa, abokansa Jean Foillard da Guy Breton da Jean-Paul Thévenet suka bi. Maƙwabta sun yi musu dariya a farko. Lapierre ya rasu a 2010, 'ya'yansa Mathieu da Camille ke riƙe da gonar yanzu, kuma abin da suka faro shi ne ake kira vin nature, wato giyar da ba a yi wa waɗancan gyare-gyare ba, a yau daga Faris har Tokyo. Kusan tabbas a shagon da za a kai ku akwai kwalbar ɗayansu ko ta ɗalibansu.

Nan ne wurin da nake son ka buɗe kunne a matsayinka na mai nazarin kasuwar noma. Manomi mai hekta biyar ko takwas hanya uku gare shi. Ko ya sayar da ɗanyen inabinsa ga babban ɗan sari, wanda zai gauraya shi da na mutum ɗari ya buga sunan kamfaninsa. Ko ya kai ƙungiyar gama-kai, a auna a biya shi bisa nauyi da yawan sukari. Ko kuma ya matse da kansa, ya tsima, ya zuba a kwalba, ya rubuta sunansa. Ta ukun ita ce mai wahala da haɗari, ita ce kuma kaɗai ke barin sa ya yanka wa kayansa farashi. Matsalar ita ce babban kanti, inda yawancin Faransawa ke sayen giyarsu, yana son kwalba dubbai masu ɗanɗano iri ɗaya bana da baɗi, a farashin da shi ya ga dama. Ƙaramin manomi ba shi da wannan yawan, kuma kayansa na canzawa da damina. Mai ɗan shagon unguwa ne ke ɗaukar katan goma ko ashirin, ya biya abin da manomin ya faɗa, ya kuma tsaya ya bayyana wa mai saye dalilin da ya sa wannan kwalbar ta kai yuro 18 alhali a babban kanti akwai ta yuro 5. Da yawansu da kansu suke tuƙa mota su je gonar, ko su haɗu da manoman a baje-koli irin La Dive Bouteille da ake yi a Saumur a lokacin sanyi. Dillali ɗaya ne tsakanin gona da teburi, kuma dillalin ya san fuskar manomin.

Rayuwar kuwa ba mai sauƙi ba ce. Na tsaya a wata gona da asuba a watan Afrilu, sanyi ya sauka ƙasa da sifili bayan kurangar ta riga ta toho. Maigidan da matarsa sun kwana suna kunna manyan kyandirori a cikin gwangwani tsakanin kunya da kunya don su ɗan ɗumama iska. Da rana ta fito ya riƙa taɓa tohon ɗaya bayan ɗaya, wanda ya yi baƙi ya murtsuke a hannu ya san babu shi sai baɗi. Irin wannan sanyin a Afrilun 2021 ya sa Faransa ta yi ɗaya daga cikin kaka mafi ƙanƙanta cikin shekaru da dama. Ga ƙanƙara, ga fumfunar ganye wadda mai noma ba da sinadarin kamfani ba ba shi da makami a kanta sai ruwan jan ƙarfe da farar wuta, jan ƙarfen ma tun 2019 doka ta ƙayyade shi zuwa kilo 28 a hekta cikin shekara bakwai domin yana taruwa a ƙasa. A ɗaya gefen, masu sha suna raguwa. A farkon shekarun 1960 matsakaicin Bafaranshe yana shan fiye da lita 100 a shekara, yanzu wajen lita 40 ne. A 2023 sai da gwamnati ta ware yuro miliyan 200 don a mayar da rarar giya barasar masana'antu, a Bordeaux kuma ana biyan manoma su tuge kuranga. Malaminka yana ganin sayen kwalba a wannan shagon a matsayin tallafa wa wani gida ya ci gaba da noma, shi ya sa yake alfahari da wurin har ya kai ɗalibansa.

Ina girmama aikin gonar waɗannan mutane ƙwarai. Ƙasarsu tana da tana da ciyawa da ƙamshi, ta maƙwabcin da ke fesa maganin ciyawa kuwa fayau take kamar an share. Amma akwai magana biyu da za ka ji a teburin waɗanda ban yarda da su ba. Ta farko, cewa wannan giyar lafiyayya ce tunda babu sinadari. Abin da ya ragu farar wuta ce kawai: dokar Tarayyar Turai ta yarda da miligiram 150 a lita ga jar giya ta yau da kullum, 100 ga ta noman da ba a sa sinadarin kamfani, tambarin Vin méthode nature da aka amince da shi a 2020 kuma bai wuce 30 ba. Barasar tana nan yadda take, ita ce kuma mai cutarwa. Tun 1988 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa abin sha mai barasa a rukunin farko na masu jawo ciwon daji, hukumar lafiyar Faransa kuma ta ƙiyasta mutuwar mutum dubu 41 a shekara saboda shi. Ta biyu, cewa sana'ar duk adalci ce. Tsinkar inabi da hannu leburori take ci, da yawansu baƙi ne, kuma a kakar 2023 an gano 'yan Afirka ta Yamma sama da 50 da aka cusa a wani kangon gida a yankin Champagne, maganar har ta kai kotu. In ana yabon manomi yana da kyau wani ya tambayi wa ya tsinka, nawa aka biya shi. Kai za ka iya zama mai tambayar.

Yanzu maganar zuwanka. Ni ba malamin addini ba ne, ba zan ba ka fatawa ba. Amma ba zan ɓoye maka ba, akwai sanannen hadisi da ya hana mumini zama a teburin da ake zagayawa da giya, kuma wannan wurin don shan aka buɗe shi, ba kamar gidan abinci ba ne da wani a can gefe ya sayi kofi ɗaya. Ka tuntuɓi malamin da ka amince da iliminsa, zai fi kyau wanda ya san zaman Turai. A Liyon akwai babban masallaci da aka buɗe tun 1994, ba za ka rasa wanda za ka tambaya ba.

In ka yanke ba za ka je ba, abin da nake roƙonka shi ne kada ka yi ƙarya. Kada ka ce kana shan magani ko kana da baƙo. Gayyatar za ta sake zuwa, ranar da wani ya kare kundinsa, ranar da aka karɓi takardar wani, ƙarshen zango, sai ka ƙare da ƙirƙirar uzuri duk wata, su kuma su ɗauka gudun su kake yi. Ka same shi a ofis kai kaɗai, ka gode masa, ka ce ba ka shan barasa kuma ba ka zama wurin shanta saboda addininka, amma kana son zama da su. Sannan ka kawo madadin da bakinka: cin abincin rana tare, shan gahawa bayan taron mako, ko ka kawo musu wani abu na gida su ɗanɗana. Yawancin malaman jami'a sun saba da ɗalibai daga Aljeriya da Maroko da Senegal da Nijar, ba kai ne na farko ba. Abin da ke yi musu zafi shi ne su ji kamar an raina abin da suke ƙauna. In ka nuna ka san wane ne Lapierre, ka san abin da sanyin 2021 ya yi, zai gane ƙin naka ba na raini ba ne.

In kuwa bayan shawara ka ga za ka leƙa ka gaisa na ɗan lokaci, ka je da wuri ka tashi da wuri, ka faɗa wa mai shagon tun a tsaye: je ne bois pas d'alcool, wato ba na shan barasa. Ba zai yi mamaki ba. Dokar Faransa ta wajabta wa duk mai sayar da abin sha ya baje aƙalla kwalba goma marasa barasa inda za a gani, ruwan famfo kuma kyauta ne. Irin waɗannan shaguna sukan ajiye ruwan 'ya'yan itace mai kyau na ƙananan masu sana'a, na inabi ko tuffa ko abirko, kamar na Alain Milliat wanda ya faro daga wata gona kusa da Liyon. Ka karanta jikin kwalba da kanka. Sans sulfites yana nufin ba a ƙara farar wuta ba, barasa tana ciki cif. Pét-nat mai kumfa ce, tana kama da lemo, amma giya ce. Cidre, wato tsimin tuffa, ko da an ce mai zaƙi ne yana da barasa. Giyar da aka cire wa barasa doka ta bar mata har rabin kashi ɗaya cikin ɗari, giyar hatsi da aka rubuta wa sans alcool a Faransa kuwa tana iya kaiwa kashi 1.2. Kombucha ma tsimin shayi ne, yana da ɗan burbushin barasa. Ruwan inabi da aka dafa aka rufe, ko ruwa mai gas da yankan lemon tsami, su ne babu kokwanto. Kada kuma ka shiga karo-karon biyan kwalba. Ka ce za ka biya naka daban, abu ne da aka saba.

Abinci ya fi abin sha tarko, musamman a Liyon, garin da ke taƙama da naman alade. Katakon da za a ajiye a tsakiyar teburi, kusan duk jan abin da ke kansa alade ne: rosette, saucisson, jambon, pâté, rillettes, grattons. Wuƙa ɗaya ake yanka su da cuku, don haka ka nemi farantinka daban. Cukun ma ka tambaya, domin Époisses da barasar inabi ake wanke bayansa, Comté da Saint-Marcellin kuwa ba a yi musu haka. Ƙwai da ake kira en meurette a jar giya ake dafa shi da guntayen alade, haɗin cukun nan cervelle de canut wasu suna ɗiga masa farar giya. Zaitun, burodi da man shanu, kifin sadin na gwangwani, gyaɗar almon, waɗannan sun fi sauƙin sha'ani.

Akwai kuma abin da na fi so ka roƙi malamin naka, wanda nake jin zai faranta masa fiye da zuwanka shagon: ya haɗa ka da ɗaya daga cikin manoman ka je gonar da rana. Daga tashar Part-Dieu jirgin ƙasa na kai mutum Belleville da ke yankin Beaujolais cikin ƙasa da sa'a guda, daga nan tudun Morgon da Brouilly ba nisa. Tsakanin Janairu da Maris suke yi wa kuranga aski, lokacin ne suke da sararin magana. Ka tambaye shi nawa yake kashewa a hekta, kashi nawa na kwalabensa ke tafiya shagunan unguwa, nawa ke fita waje, wa ke ba shi bashi in ƙanƙara ta faɗo, kuma yaya ya yi har sunansa ya zama abin da ake biya. Ka sanar da shi tun a waya cewa ba ka ɗanɗanawa, don kada ya shirya maka kofuna, ka kuma tafi da takalmin shiga laka da rigar sanyi mai kauri.